Wanzamin Da Ya Ƙi Ƙarasa Aski

Da an idar da sallar asuba a 'Yandoto, Baba Halliru Wanzam ba ya komawa gida. Gindin darbejiyar da ke gefen masallaci yake wucewa, ya shimfiɗa tabarma, ya kwance zabirarsa, ya fito da kayan aiki ɗaya bayan ɗaya: asake uku, ƙahonni a naɗe cikin farin tsumma, guntun sabulu, ɗan madubi mai tsagewa a kusurwa, da kwalin reza wanda a 'yan shekarun nan ya fi asaken shan aiki. Kafin rana ta taɓa katangar masallacin, mutum biyu ko uku sun cire hula suna jira. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana haka a garin nan, ban da ashirin da ya yi a Kekun Waje, inda aka haife shi kuma ya gaji askar daga mahaifinsa. Juma'ar da ta wuce ya naɗe tabarmar, naɗewar ƙarshe. Ido ya yi yana, hannu ya fara rawa, ya ce ba zai tsaya sai ya yanki kunnen wani ba.

Wanda bai san shi ba zai ɗauka surutu ne ya yi masa yawa. In ka zauna gabansa ba ya barin ka ka yi shiru. Ya tambaye ka gero, ya tambaye ka iyali, ya tambaye ka abin da ya tambaye ka makon jiya. In ya zo gyaran fuska sai ya ce, "Cika kumatu." Kowane wanzami yana faɗin haka, don fata ta miƙe aska ta bi. Shi kuwa sai ya ɗan dakata, ya danna kuncin dama da yatsa, ya danna na hagu, ya ga ko iska za ta tsere ta gefe guda. Ya gama ya miƙo maka madubi ya ce ka yi dariya, a ga ko askin ya karɓe ka. Samarin garin suna ce masa Likitan Ƙeya. Yakan ce, "Awo. Ƙeyar ubanku ma ni nas san ta tun tana da gashi."

Ba a tabarmar aski ya fara wannan ɗabi'a ba. Matarsa, Inna Habiba, ita ta ba ni asalinta, don shi ba ya son ba da labarin.

Tun yana Kekun Waje yana da aboki, wani makiyayi mai suna Jibo, da rugarsu ke bayan gari. Wata ranar kasuwa Jibo ya zo masa da ƙafarsa, ya ce kwana biyu ke nan harshensa yana yin nauyi, kamar an cusa masa tsokar nama a baki. Ya buɗe baki zai kira saniya, sunan ya ƙi fita. Abin ba ya daɗewa, gwargwadon tatsar saniya ɗaya, sai ya sake shi. Ga kuma wata gajiya da ba ta kiwo ba. Halliru ya yi masa abin da ya ga mahaifinsa yana yi. Ya sa masa ƙaho huɗu a ƙeya da kafaɗu, ya zuƙo baƙin jini, ya nuna masa. Jibo ya ce wallahi ya ji sakayau. Suka sha fura, suka yi ba'a, ya tafi. Kwana uku tsakani ya faɗi a tsakiyar shanu. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta tafi. Ya ƙara shekara shida a duniya bai sake kiran sunan kowa ba.

Duk shekarun nan shida Halliru ne ke zuwa rugar yana yi masa aski, sau biyu a wata. Nan ya ga yadda fuska take idan gefe ɗaya ya daina aiki, yadda kusurwar baki ke sauka, yadda ruwa ke zubowa ta nan. Daga baya wani ma'aikacin asibiti a Bungudu, da ya zo aski, ya gaya masa cewa wannan nauyin harshe mai zuwa ya tafi, sau da yawa shi ne gargaɗin da jiki ke bayarwa kafin babbar shanyewa, kuma da an kai mutum asibiti a lokacin akan iya tare ta. Inna Habiba ta ce ranar bai ci tuwo ba. Tun daga nan, duk wanda ya zo masa da ciwon baya ko na kafaɗa yana sa masa ƙaho. Wanda ya zo da maganar harshe kuwa, ko karkacewar baki, ko hannun da ya mutu ya farfaɗo, sai ya ce, "Wanga ba aikina ba na. Tashi mu tahi tasha."

Bai taɓa cewa ya san mene ne ke kawo abin ba. Wani malamin firamare da ya tura, ashe sugansa ne ke faɗuwa, yana shan magani da safe ba ya karyawa. Wata tsohuwa, jini ne ya yi mata ƙaranci. Akwai wanda aka duba sama da ƙasa ba a ga komai ba, ya dawo har gindin darbejiya ya wanke shi tas, ya ce ya sa shi asarar yinin shuka. Baba Halliru ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Gwamma ka dawo ka zage ni da bakinka. Zauna in gyara maka saje."

Wanda na gani da idona shi ne na Wasila, shekara uku da suka wuce, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Wasila 'yar Malam Isma'ila ce, wanda ya yi aikin sakatariyar ƙaramar hukuma har ya aje. An aurar da ita a Tsafe ga Sahabi, tela a bakin titi. Da cikinta na fari ya tsufa aka dawo da ita gida, ta haifi mace ranar wata Lahadi. Jegon yana hannun Gwaggo Zainabu, yayar mahaifinta, wadda a unguwar babu mai jegon da ba ta ratsa ta hannunta ba. Wanka safe da yamma da ruwa mai tururi, kunun kanwa kwano cike, nama da yaji. Daga kwana na biyar Wasila ta fara yawan barci. Ta ce kanta yana sarawa. In mata sun shigo barka, wani lokaci ta amsa, wani lokaci sai ta sunkuyar da kai kawai.

Ba wanda ya ga aibu a wannan. Mai haihuwar fari ai ba ta sakin baki a gaban manya, ba ta kallon jaririnta da ido biyu, balle ta kira sunansa. Mata suna fitowa daga ɗakin suna cewa an daɗe ba a ga yarinya mai kunya irin ta Wasila ba, 'yan matan yanzu su zo su gani. Ni ma ina cikin masu yabon. Maƙwabta muke, tare muka tashi, na san ta da baki kamar rediyo, amma da na ga ta yi tsit sai na ce haihuwa ta sa mata hankali.

Ranar suna aka raɗa wa jaririya Muzdalifa, aka yanka rago. Da hantsi Baba Halliru ya yi sallama ya shigo. Wanzamin gidan ne, shi ya yi wa Wasila kanta askin suna, don haka babu mai janyo mayafi saboda shi. Ya zauna a ƙofar ɗakin mai jego, Gwaggo Zainabu ta rungumo jaririyar ta zauna gabansa. Ya jiƙa kan, ya ɓare sabuwar reza, ya fara daga dama. Mu muna gindin murhu.

Gwaggo ta ce, "In ka ƙare, ka sanya ma uwar ƙaho biyu ga ƙeya. Jinin biƙi na yah hau mata kai."

Bai ɗago ba. Ya ɗaga murya wajen labule. "Wasila, barka da arziki."

Shiru.

"Kai, an zama uwa an daina gaishe da tsohwahhi?"

Sai murya ta fito daga ciki, a hankali, kalmomin a manne da juna kamar na wanda bai gama farkawa ba. An ji "Baba", sauran ba a gane ba. Matan da ke tsakar gida suka yi dariya. Wata ta ce, "Bar ta, Baba, kunya ta."

Hannunsa ya tsaya. Ya ɗaga rezar daga kan jaririyar ya ajiye a kan tsumma. Ya aske gefen dama tas, na hagu yana nan da baƙin gashinsa.

"Zainabu, a ɗaga labulen ga."

Aka ɗaga. Wasila tana zaune a bakin gado, kofin kunu a ƙasa ya kife, ba wanda ya lura da lokacin da ya suɓuce mata. Ya daɗe yana kallon fuskarta. Ya san in ya tambaye ta sunan 'yarta ba za ta faɗa ba ko lafiyarta lau, kuma ba zai gane komai daga shirun ba. Sai ya ce, "Ran Lahadi kika haihu. Hwaɗa min kwanakin mako daga nan. Wanga dai ba a kunyatai."

Ta ce Lahadi. Ta ce Litinin, da ƙyar. Ta zo Talata, bakin ya motsa, kalmar ta ƙi. Ta sake gwadawa. Idonta ya kawo ruwa.

"Cika kumatu."

Ta cika, iska ta fice ta kusurwar dama.

"Miƙo hannu biyu, kamar za ki amshi ɗiya."

Ta miƙo. Na hagu ya tsaya, na dama ya riƙa sauka a hankali har ya kwanta a cinyarta.

Ya juya ga Gwaggo. "Tun yaushe?"

"Tun yaushe mi? Gajiyar wanka ta. Ni na yi jego tara, na kuma yi ma mata ya hi ɗari. Shekaranjiya ma ta yi hakan ga, anka ba ta kunu ta kwanta, ta tashi garau."

"Sau nawa ke nan?"

Aka dubi juna. Da aka haɗa na wannan da na waccan, ashe sau huɗu ne cikin kwana uku. Kowa ta ga nata, ba wadda ta ga duka.

Ya ce a kira masa Malam Isma'ila daga ƙofar gida. Kafin mai gidan ya shigo, abin ya saki Wasila. Ta share ido ta ce, da muryarta ta kullum, "Baba, ni hwa lahiyata lau. Kai na kawai ka ciwo." Ta ɗaga hannun daman ta nuna masa, ta murza yatsu.

Gwaggo ta tafa hannu. "To ka ji. Ƙarasa askinka, ka sanya mata ƙaho, mutane na tahe."

Nan ne fa wani zai ja da baya. Yarinya ta yi magana sarai, gida ya cika, nama yana kan wuta, ga dangin miji sun taso daga Tsafe. Baba Halliru ya goge hannu, ya mayar da sabulu cikin zabira, ya mayar da ƙahonni, ya ja igiya ya ɗaure.

Malam Isma'ila ya shigo da babbar rigarsa, ya saurari kowa. Mutum ne mai sanyi. Ya ce, "Halliru, na ji. Ba ni musu da kai. Amma ka ga hidimar da muke ciki. A bari baƙi su watse, gobe da sahe ni da kaina in kai ta."

"Malam, wanda nas sani mai irin wanga, kwana ukku anka ba shi. Ita ta cinye nata ukkun. Kuma kai ka san hanyar Gusau ba a barin yamma ta yi ma mutum bisanta. In ba a tahi yanzu ba, sai gobe. Goben ga ni ban san wa za ta iske ba."

Gwaggo ta ce, "Mai jego ta hita ran suna? Ko arba'in ba ta yi ba? Ina anka taɓa yi?"

"Yau za a fara."

"To ƙarasa ma jinjira kanta, sannan a yi shawara."

"Ba ni ƙarasawa. Sai na ga mota ƙohwar gidan ga."

Ta dubi kan jaririyar, ta dube shi. "Haka za mu kai ta cikin mutane, kai kamar gonar da anka nome rabi? Wallahi sai in aika a kira wani wanzamin."

"Aika. In kin samu wanda za shi sa aska ga kan da wani yaf fara, ki gaishe min da shi."

Ta san gaskiyarsa. Ba wanzamin da ke shiga aikin ɗan'uwansa a gidan da ba nasa ba. Aka tsaya cirko-cirko. Jaririya tana kuka, Gwaggo tana jijjiga ta tana kiran Baba Halliru mai baƙin taurin kai, wanda tun yana saurayi aka san shi da shi. Shi kuwa yana zaune da zabira a cinya.

Ashe duk abin nan Sahabi yana cikin zaure yana ji. Suruki ne, bai taɓa wuce zauren nan ba tun da ya auri yarinyar, kuma shi ma kunyar 'yar fari tana kansa. Ba wanda ya ga fitarsa. Can sai aka ji ƙarar mota a ƙofar gida. Ya cire takalmi, ya shigo har tsakar gida a gaban mata, ya durƙusa gaban Malam Isma'ila, kansa a ƙasa. Ya ce, "Baba, ku gafarce ni. Ga mota."

Malam Isma'ila ya ce, "A ɗauko mata mayahi."

Gwaggo ta ce to ga mota, sai ya cika alkawari. Baba Halliru ya miƙe ya ce kan jinjira yana iya jira, gashi ba ya gudu. Haka aka fita da Muzdalifa, rabin kai a aske, an rufe da hula. Gwaggo ta shiga baya da ita da Wasila tana mita, shi ya shiga gaba.

A asibitin Tsafe nas ta auna jinin Wasila, ta kwance abin awon ta sake ɗaurawa, ta kira wani ya zo ya gani. Aka yi mata allura, aka rubuta takarda aka ce su wuce Gusau kada su tsaya ko'ina. Kafin azahar suna babban asibiti. Likita tana cikin yi mata tambayoyi abin ya dawo, wannan karon ya fi na baya daɗewa, hannun ma ya ƙi tashi gaba ɗaya. A kan gadon asibiti ya same ta, da mutanen da suka san abin yi tsaye a kanta.

Baba Halliru bai ga wannan ba. Yana waje a kan benci, zabira a cinya. Nan ya yi azahar, nan ya yi la'asar. Sahabi ya kawo masa abinci ya ce ajiye. Sai wajen ƙarfe biyar likitar ta fito, mace ce mai ƙaramin jiki, ta tambayi wanda ya sa aka kawo ta. Gwaggo ta nuna shi da haɓa. "Ga shi can. Wanzami na."

Likitar ta gaishe shi, ta ce, "Baba, me ka gani?"

Ya gaya mata. Kwanakin mako, kumatu, hannu.

Ta ce su ma da irin wannan suke farawa. Ta ce jinin Wasila ya hau ƙwarai, kuma hakan yana samun mata bayan haihuwa, ko da a lokacin ciki ba su da shi. Hanyar jini ce a cikin kai take toshewa ta buɗe, shi ya sa maganar ke tafiya tana dawowa. Na yau ya ɗan taɓa ta, amma an tare shi da wuri.

Ya ce, "To likita, duk mai nauyin harshe wanga na?"

"A'a. Wani suga ne ya faɗi, wani farfaɗiya ce marar jijjiga, wani ciwon ɓarin kai ne, wani maganin da yake sha ne ya yi masa ƙarfi. Akwai ma ciwon da ke raunana naman jiki, mutum ya tashi garau da safe, yamma na yi magana ta gagare shi. Amma daga zaune a gida ba mai iya bambance su. Mu ma sai mun auna. Kuma dawowar magana ba warkewa ba ce."

Gwaggo ta ce, "Kunun hwa?"

"Ba zan ce shi ya jawo ba, Inna. Amma kanwa da gishiri suna ƙara wa hawan jini ƙarfi. A ajiye su. Ruwan wankan ma a rage masa zafi."

Gwaggo ta gyara wa jaririyar hula, hular ta zame, wata nas da ke wucewa ta ga kan ta kwashe da dariya. Har aka sallame su, a ɗakin nan ba a kiran Wasila sai uwar mai sabon yayi.

Kwana goma sha ɗaya suka yi. Washegarin dawowarsu Baba Halliru ya zo da zabirarsa ya zauna a inda ya zauna ranar suna. Gefen da ya aske har ya fara tsiro, sai ya sake bin kan duka. Gwaggo ce ta riƙe jaririyar. Ba ta ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Da ya gama ta ce, "To, mai taurin kai, ka ƙarasa." Daga baya na lura duk mai jegon da ta shiga hannunta, sai ta sa an kai ta awon jini kafin suna, tana cewa ita dama can haka take yi.

Wasila ba ta koma daidai yadda take ba, kada in yi ƙari. Tana shan magani kowace safiya, tana zuwa awo duk wata. Hannun daman ba ya jure daka. In ta gaji ƙwarai maganarta takan ja ƙafa. Amma tana magana. Ita ta yaye 'yarta, ita ta koya mata cewa Inna.

Baba Halliru, kai ne ka ji bambanci tsakanin shirun kunya da shirun ciwo, a gidan da ke cike da mata waɗanda duk sun fi ka sanin haihuwa. Kai ne aka miƙo wa aikin da ka gada, wanda hannunka ya iya tun kana yaro, ka ce a nan ba shi da amfani. Ba ka yi karatun likita ba, ba ka kuma taɓa shigar likita ba. Kuskure ɗaya ka yi a kan abokinka, ka ɗauke shi shekara talatin da wani abu, ba ka yarda ka maimaita shi a kan ɗan kowa ba. Wanzami mai sanin inda aska ke tsayawa. Ranar sunan nan ka yarda a ce ka ɓata wa mutane buki, ka yarda tsohuwa ta zage ka a gaban yara, ka tafi gida ba ka karɓi ko ƙafar rago ba.

Ɗansa Mansur, magidanci mai 'ya'ya huɗu, shi zai ci gaba da zama gindin darbejiyar. An ce shi ma ya iya "cika kumatu". Amma wanzami ɗaya ba zai shiga kowane ɗaki ba. Mu da muke zaune da masu jego, da tsofaffinmu, da mazajenmu masu dawowa daga gona su ce gajiya ce kawai, mu ne a kusa. In maganar mutum ta canza, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki abin da ya riƙe, a sa shi ya faɗi kwanakin mako, ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu. In ɗaya ya ƙi, a nemi mota a lokacin, ko da ya dawo daidai kafin a gama ɗaura zani. Kada a tsaya ƙaho, kada a tsaya jiƙo, kada a ɗura masa abu a baki. Kuma mata, abin da kika gani a ɗakin mai jego ki faɗa wa ta kusa da ke. Mu huɗu muka ga na Wasila, kowa ta riƙe nata. Masu aski, masu kitso, masu kemis, direbobi, ku da kuke ganin fuskokin mutane kullum, ku ɗauki wannan daga hannun tsohon nan tun yana raye.

Juma'ar da ya naɗe tabarma, mutane sun ɗan taru, ba shiri aka yi ba. Wasila ta zo daga Tsafe da 'yarta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ni hwa har yau ban yahe maka ba. Suna guda gare ni, ka ɓata shi. Ko tsoka ɗaya ta ragon ga ban ci ba."

Ya karkato kunne. "Mi kic ce? Ƙara hwaɗi in ji."

Ta maimaita, ya yi dariya har hularsa ta zame. Yarinyar ta ɓuya a bayan wata mata. Wasila ta waiwaya, a gaban dattawa, a gaban Gwaggo Zainabu da ke zaune a gefe, ta kira 'yar farinta da sunan yanka, abin da har yau matan unguwa ke yi mata tsegumi a kai.

"Muzdalifa! Taho ki gaishe da Baba."

Sunan ya fita duka, ba abin da ya maƙale. Baba Halliru ya gyaɗa kai, ya ja igiyar zabira ya ɗaure.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya jiƙan Jibo, Ya bar maka bakinka da za ka ci gaba da damun mu da tambaya.